Ƙuri'ar Tarakta da Na Sa Wa Hannu

Assalamu alaikum mai shafi da duk masu karatu, Allah ya sa kuna lafiya. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma na sauya su. Ina roƙon ku kai ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma kafin Asabar mai zuwa nake bukatarta.

Ni malamin firamare ne a Kankia, amma gidanmu yana wani ƙauye ta wajen Dudunni a ƙasar Kusada. Shekara uku da suka wuce na fara koyon rubuta manhaja da Python a wayata, saboda kowa cewa yake shi ne yaren da ya fi sauƙi ga ɗan koyo. Ba makaranta na shiga ba, bidiyo nake kallo ina kwafa. Ranar da na rubuta layi biyu waya ta gaishe ni da sunana, wallahi ji na yi garin nan ya yi min kaɗan. Wata uku kacal da farawa na soma yi wa abokan aikina bayani kamar ni na ƙirƙiro abin, su kuma suka laƙaba min Injiniya, ni kuma ban ce a'a ba. Da ma an ce ɗan koyo ya fi gwani ɗoki.

Mahaifina shi ne shugaban ƙungiyar manoman ƙauyenmu, mutum ashirin da uku. Duk faɗuwar damina ƙungiya kan ɗauko tarakta ɗaya ta bi gonaki tana haro, kuma kafin ta gama zagayawa sai an yi kusan sati uku. Duk manomi ya san bambancin wanda aka yi wa a ranar farko da wanda aka yi wa a ta ƙarshe, wani geronsa ya kai idon sawu wani bai ko zuba iri ba. Shi ya sa ake ƙuri'a: a rubuta sunaye a takarda, a naɗe, a zuba a hular Baba, a riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba shekarar da ake tashi lafiya. Wani ya ce an lanƙwasa kunnen takarda, wani ya ce mai zarowa ya leƙa. Akwai Malam Iro, wanda ko shi ya fito na biyu sai ya tambayi dalilin da bai fito na ɗaya ba.

Ni da karambani na ce wa Baba ya bar min, zan rubuta abin da zai yamutsa sunaye ba hannun kowa. Na kwafo wani ɗan darasi mai layi shida, na zuba sunayen mutanenmu a ciki. Ranar ƙuri'a bayan sallar Juma'a, a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, na ɗaga waya kowa yana gani na danna. Baba ya fito na biyu. Na ƙarshe kuwa Baffa Sale, wani dattijon Bafulatani da ke zaune a gefen gari, wanda ya shiga ƙungiya bayan ciwo ya kashe masa shanun huɗarsa guda biyu. Ba wanda ya yi gardama, har da Malam Iro. Baba ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Wanga karatu naka ya yi rana." Mutumin da tun tasowata ban taɓa jin ya yabe ni ba. A wannan shekarar Allah ya sani ban cuci kowa ba, jahilci ne kawai.

Bara ne abin ya faru. Saura kwana biyu ƙuri'a, ina ofishin malamai lokacin hutun tara, na ce bari in gwada in ga ko abin yana nan lafiya. Na danna, sai ga jerin waccan shekarar sak, Baba na biyu, Baffa Sale na ƙarshe. Na sake dannawa, haka. Sau biyar ina dannawa, ko suna ɗaya bai gusa ba. Na ɗauki hoton layukan, ban da sunayen, na tura wani zauren masu koyo da nake ciki. Ko minti biyu ba a yi ba wata ɗaliba ta ba ni amsa tana dariya: wannan layin mai lamba 42 da ka kwafo, masu koyarwa suna sa shi ne don sakamakonsu da na ɗalibai ya zo iri ɗaya, in dai yana nan ko sau dubu ka danna abu ɗaya za ka gani, goge shi kawai. Layi ɗaya! Na kwafe shi ban san aikinsa ba, kuma ban taɓa danna abin sau biyu in duba ba, ni da ake kira Injiniya.

To me ya hana ni gogewa? Nan ne nake jin kunyar faɗa. Na sa yatsa a kan layin sai na tuna Baba da safiyar ranar yana cewa Allah ya maimaita mana irin na waccan shekarar, don a cikinta ne muka cika rumbu har muka ɗinka wani. Sai Shaiɗan ya nuna min abin da ban nema ba: tunda yamutsin iri ɗaya ne kullum, wurin da na rubuta sunan mutum shi ke nuna inda zai faɗo. Ke nan ni ne ƙuri'ar. Na zauna na sassauya wa sunaye wuri don kada a ga jerin ya yi kama da na baya. Na sa Baba na uku, wai ni mai wayo, kada a yi zargi. Na sa Malam Iro na biyar don bakinsa ya mutu. Da na zo gurbin ƙarshe na daɗe ina kallon sunaye. In na sa wane zai yi faɗa, in na sa wane ɗan'uwanmu ne. Na bar Baffa Sale a inda yake, ba don ya yi min komai ba, sai don na san shi kaɗai ne ba zai ce uffan ba.

Haka kuwa aka yi. Da na karanto sunansa a ƙarshe mutane suka yi ta salati, wani ya ce Baffa sai ka yi sadaka. Shi kuwa murmushi ya yi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka damu ɗana, rabo ne. Ba kai ka yi ba." Na ce, "Haka ne Baffa, sai haƙuri." Ni na faɗi haka da bakina, ina kallon idonsa!

Kun san yadda daminar bara ta yi mana a nan, ruwa ya ɗauke da wuri. Waɗanda suka yi shuka a satin farko sun tsira, na ƙarshe kuwa gero ya fitar da kai bai cika ido ba. Na bi ta gefen gonar Baffa lokacin girbi a kan babur, na ga abin da ya ɗaure bai kai rabin namu na gona ɗaya ba, na kau da kai na ƙara wuta. Kafin azumi rumbunsa ya ƙare. Ya sayar da saniyar da matarsa Inna Hari ke tatsa tana kawo nono cikin gari, ita da tun muna yara muke jin muryarta a ƙofar gida, yanzu ta daina zuwa. Ni kuma kullum aka ajiye min tuwon geron gidanmu sai in ji kamar da tsakuwa a ciki. Na rame har mahaifiyata tana tambaya ko aure nake so. Python ɗin ma na daina buɗewa. Na yi istigfari ba adadi, amma ai na sani haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe, to ta yaya zai yafe abin da bai san an yi masa ba?

Yanzu ga damina ta sake kawo kai, an sa ƙuri'a ranar Asabar. Har manoman garin Tafashiya sun aiko wa Baba wai in je in yi musu irin tamu, shi kuma sai faɗa wa mutane yake da alfahari. Na rasa inda zan sa kaina. In na goge layin a ɓoye na bar ƙuri'a ta yi aikinta na gaskiya, tana iya sake jefa Baffa ƙarshe karo na uku, kuma ban ga yadda zai kai wata shekarar ba. In na sa shi na ɗaya da hannuna, na sake yin maguɗin da nake kuka da shi, kuma dole wani bawan Allah ya koma ƙarshe a madadinsa, wa zan zaɓa wannan karon? In kuma na tashi a gaban mutane na faɗi gaskiya, wa zai yarda Baba bai sani ba? Shugaba ne, ɗansa ne ya danna, ya fito na biyu ya fito na uku. Mutumin da ya shekara sittin yana tsare mutuncinsa, ni zan zubar masa da shi a gindin darbejiyar gidansa? Na yi tunanin in auna gero in kai wa Baffa a matsayin kyauta, sai na ga ai godiya zai yi min, kuma godiyarsa ta fi min zagi ciwo.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne abin da ya faru Juma'ar da ta wuce. Ana zaune ana maganar ƙuri'a, Malam Iro ya ce shi fa hankalinsa bai kwanta da wayar nan ba, a koma hula kamar da. Wallahi daɗi na ji, na ce Allah ya kawo min mafita ba tare da na buɗe baki ba. Sai Baffa Sale, wanda bai cika magana a taro ba, ya ɗaga sandarsa ya ce, "A'a Malam Iro. Hula da hannun mutum a cikinta. Wanga abu na yaron nan ba shi da hannu, bai san ɗan gari ba bai san Bafillace ba. Sau biyu ina na ƙarshe ban ji haushi ba, don na san ba wanda ya ajiye ni can. A bar mamu shi." Mutane suka ce Baffa ya yi gaskiya, Baba ya gyaɗa kai, aka tashi a kan haka.

Da zai tafi ya miƙo min hannu, ya ce in danna da bismilla, wataƙila bana Allah ya dube shi. Hannun da ya ajiye shi ƙarshe shi ya riƙe yana wannan addu'a.

'Yan'uwa, saura kwana huɗu. Me zan yi?