Bayan Ƙofar Umma

Daga Ofishin Babban Shugaba,
Kamfanin Ƙera Wasannin Kwamfuta,
Hawa na uku, ƙofar ƙarshe.
Ranar Litinin.

Zuwa ga Mai Zane,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da injinan shagon buga takardun nan da kake gadi kamar an ce maka za su gudu. Yaya aiki? Yaya ciwon bayan nan naka? Kada ka yi mamakin yadda na san da shi. Mu manya babu abin da ba ya zuwa kunnenmu.

Ka yi haƙuri da rubutun hannu. Sakatarorina su huɗu duk mura ta kama su rana ɗaya. Na so in kira ka a waya, sai aka ce mini ka rufe wata lamba tun ranar da wani ya kira ka da muryar ɗan kwana-kwana ya ce shagonku ya kama da wuta, ka fito a guje ba takalmi. Allah ya shirya wanda ya yi maka haka. Shi ya sa na ba direban da ke kawo muku takarda wannan saƙo.

Dalilin rubutowa shi ne littafin nan naka na labari cikin zane, Gida Mai Lamba Tara, wanda ka buga kwafi talatin ba ko sunanka a jiki. Ya iso hannunmu, kuma wata biyar ke nan muna mayar da shi wasan kwamfuta. Ƙanenka ne ke wakiltar ka a nan. Yaro mai hankali, ga natsuwa, ga kyau. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ka riƙe shi da kyau.

To ga inda muka maƙale. A littafi kai ke riƙe da idon mai karatu, abin da ka zana shi kaɗai zai gani. A wasa kuwa mutum juyawa yake yi. Ya leƙa bayan kujera, ya duba ƙarƙashin gado, ya kalli bangon da ba ka taɓa zanawa ba. Ƙanen nan naka ya fitar da mu kunya. Shi ya tuna mana da famfon da ke ɗiga a tsakar gida, da keken ɗinkin mahaifinku, da ƙusar da ake rataye makulli. Saura abu ɗaya: shuɗiyar ƙofar da ke ƙarshen baranda. Sau goma sha ɗaya ta fito a littafin, kullum a rufe. A shafin ƙarshe ma yaron nan mai tsagaggen kunne yana tsaye ne a gabanta, hannunsa a kan mariƙi, shi ke nan labari ya ƙare.

Mai karatu zai iya rufe littafi ya yi ajiyar zuciya. Mai wasa danna maɓalli zai yi ta yi har sai ta buɗe. Muna roƙonka ka zano mana abin da ke ciki. Shafi ɗaya ya isa.

Ka huta lafiya.
Naka mai girma ƙwarai,
Babban Shugaba.

*

Daga Ofishin Babban Shugaba.
Ranar Alhamis.

Mai Zane,

Sallama da gaisuwa irin ta manya. Da fatan ka tashi lafiya, baya ya yi sauƙi, kuma idanunka suna gani, domin direba ya rantse a hannunka ya sa takardata, ka karanta, ka ɗora kofin shayi a kanta. Ba a yi wa shugabanni haka.

Bincike ya nuna akwai 'yar gyara a maganata ta farko. Ƙanen nan naka ba a matsayin wakili ya shigo mana ba. Yadda abin ya faru, yana zaune a rumfar gyaran wayar da yake aiki, littafinka a kan teburi, sai ɗaya daga cikin ma'aikatanmu ya kawo gyara. Muna ce masa Mai Kunne, don ba ya cire abin sauraro daga kansa ko a wajen cin abinci. Ya buɗe littafin, ya kasa ajiyewa, ya tambayi wanda ya zana. Ƙanenka ya daki ƙirji ya ce ai ga shi a gabansa. Wasa yake yi, wallahi, na tabbatar. Jira yake mutumin ya yi dariya. Mutumin bai yi ba.

Bayan kwana uku sai ga shi a ofis mai sanyin esi, an miƙo masa takarda shafi tara da Turanci. Ka san iyakar karatunsa na allo ne, bokon ma a cikin 'yan da'irorin maganar nan na zanenka ya koya. Ya ga mutum takwas sun zuba masa ido da murmushi, ya ji kunyar cewa a tsaya, ya sa hannu. Aka rataya masa kati a wuya, aka ba shi kujera mai juyawa.

Tun ranar yake ɗaure hannunsa na dama da bandeji, wai ya gurɗe. Ranar Talatar da ta wuce ya yi kuskure ya ɗaure na hagu, sai da ya shiga banɗaki ya sauya. Da suka matsa masa ya zana ko da kyanwa ce, abin da ya fito sai da Mai Kunne ya juya takardar sau biyu yana neman kanta.

Tunda ba ya zane, sai aka ba shi gwajin wasan. Daga safe zuwa yamma yana ɗaki mara taga, yana tuƙa yaron nan mai tsagaggen kunne a baranda. Taku goma sha huɗu ne daga famfo zuwa ƙofar. Ya je, yaron ya ɗora hannu, ƙofa ta ƙi. Ya koma famfo, ya sake dawowa. An ce ya riƙa buga shi da bango ko akwai ramin da aka manta ba a toshe ba. Babu. Ya duba ko'ina. Wani lokaci yana sakin maɓallan, sai yaron ya tsaya yana numfashi, yana ɗan sosa kunnen. Mai Kunne ne ya ƙara wannan sosawar, wai a wurin ƙanenka ya gani.

Yanzu ga maganar da ta sa ban yi wasa da yawa a wannan takarda ba. Wata mata a nan, mai gilashi, wadda take ɗan taya ni shugabanci, ta ce ba za a ƙara jira ba. In zane bai zo ba zuwa safiyar Litinin, za su sa nasu. Har sun zana. Dodo ne mai ƙaho uku da jajayen idanu, yana zaune a kan gado, mai wasa zai yi ta dukansa da sanda har ya fashe ya zama tsabar zinariya. Ta ce shafi na bakwai na takardar ya ba su dama. Ba mugunta ba ce, su ba su san ɗakin wa ne ba. Kai ka sani.

Ina jiran amsa ta hannun direba.

Naka,
Shugaba.

*

Ranar Asabar.

Mai Zane,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta bayanka. Saƙonka ya iso. Direba ya miƙo mini takardata ta Alhamis, na juya bayanta na ga jaki sanye da kwat a kan kujera mai juyawa, kunnensa na hagu a tsage, ƙafarsa ɗaya da bandeji. Ofishin Shugaba bai ji daɗin wannan ba. Amma an lura cewa shekara biyu ke nan kana cewa hannunka ya mutu, ga shi kuwa jakin har gashin hancinsa ya fito. An kafe shi a bangon ɗakin gwaji.

Jiya ƙanenka ya yi niyyar faɗin gaskiya. Ya je har bakin ofishin mai gilashi, ya fara kwance bandeji. Sai ya hango Mai Kunne yana gyara ƙarar ɗigar famfon nan na cikin wasan, yana sauraro yana sakewa, don ta yi daidai da yadda aka kwatanta masa. In ya faɗa, sa hannun ya zama na ƙarya, aikin mutum takwas na wata biyar ya tafi kwandon shara. In ya yi shiru, dodo ya hau gadon. Ya tsaya a nan har aka tambaye shi ko lafiya, ya ce banɗaki yake nema. Wata biyar yana kamfanin, wai bai san banɗaki ba.

Ya gwada ya ba su da baki, yadda ya ba su famfo da keken ɗinki. Ya rufe ido ya nemi ɗakin, bai samu komai ba sai ƙarar fanka da ƙamshin man zafi. Shekara guda Umma ta yi a kwance, ana hana shi shiga saboda surutu da tsalle-tsalle. Ba ya tuna ko gadon na dama yake ko na hagu. Ba ya tuna ko akwai taga. Fuskarta ma, in ba a ɓoye ba, ta hoton katin asibiti ce yake gani.

Abin da yake tunawa sarai shi ne la'asar ɗin nan. Ya dawo daga makaranta da allonsa, ranar ce ya fara rubutu da kansa ba malam ya riƙe masa hannu ba, tawada har gwiwar hannu. Ya rugo zai nuna mata. Ya tarar da kai a baranda, kana da shekara goma sha shida, idonka ja. Ka karɓi allon, ka ce ya tsaya nan kada ya motsa, za ka kai mata ta gani, in ta gani za ka buɗe masa. Ka shiga ka rufe. Da ka fito ba allon a hannunka. Ka ɗauki ƙanenka a kafaɗa ka kai shi gidan maƙwabta. Bayan jana'izar Umma, Baba ya sa kwaɗo a ƙofar, bayan wata uku muka tashi daga gidan.

Kash, na rubuta "muka tashi" maimakon "kuka tashi". To, shi ke nan, ba zan goge ba, takardar kamfanin ma saura ɗaya.

Yaya, ni ne. Babu sakatarori huɗu, babu mura. Ofishin ƙofar ƙarshe ɗakin gwaji ne, takardun kuma daga cikin firinta nake zarowa. Ni ne ɗan kwana-kwanan da ya sa ka gudu ba takalmi, ni na ce ni na zana littafinka, ni na sa hannu a abin da ban iya karantawa ba. Na san ka gane tun layin farko, ba sai ka ɓata fensir a kan jaki ba. Ka yafe mini. Duk zagin da ka tanada ka zo da shi, zan tsaya a gaban mutum takwas ɗin ka yi mini shi, in kwance bandejin in ce ga mai zanen na gaskiya. In kai ka tsaya a wurin, takarda za ta gyaru, aikinsu ba zai mutu ba. In kuma ka ce a fasa wasan gaba ɗaya, littafinka ne, ba zan ce uffan ba.

Amma ko an fasa, ni dai ka zana mini. Ba don mai gilashi ba. Ina so in ga inda gadon yake, da inda ka ajiye allon, da ko ta gani. Ban taɓa tambayar ka ba, don duk lokacin da na ɗauko maganar sai bakina ya juya ta ta zama wasa.

Ranar Litinin ƙarfe tara suke buɗe taron. Motar da ke wucewa ta gaban shagonku tana tsayawa daidai ƙofar ginin. Hawa na uku ne, lif ɗin ba ya aiki, ka hau a hankali saboda bayanka. Za ka same ni a baranda. Kai ka ce in tsaya kada in motsa har ka buɗe, kuma a duk maganganunka wannan kaɗai na taɓa bi.

Ka gaida injinan.

Naka har kullum,
ƙanenka mai tsagaggen kunne,
Auta.