Jinin da Sabulu Ya Wanke

Ya ke hasken idona, ruwan sanyin ƙirjina, tsawar da ta faɗo mini da rana tsaka na kuma gode mata!

Ki yi haƙuri da wannan karkataccen rubutu, da hagu nake yi.

Kin tuna ɗakin kwalliya na bayan dandamali, mai warin hoda da gumi? Kina zaune gaban tsagaggen madubi, mai kwalliya ta gama zana miki kumburarren ido da fasasshen leɓe, don a matar da ake duka za ki fito. Jinin ƙarya na gangaro miki a haɓa, ke kuwa kina ƙunshe dariya. Na ce kada ki motsa, na danna kyamara. Wallahi ko farin wata bai taɓa yi mini kyan fuskar nan ba!

Wauta ce ta sa na wanke hoton babba na rataye a shagona. Shekaranjiya yayanki makanike, wanda ya san ni ke neman aurenki, ya shigo ɗaukar hoto, ya ɗaga kai ya gan ki cikin jini. Bai tambaya ba. Ya maka kyamarata da bango, ya shaƙe ni har na ga duhu, ya danne hannuna na dama a kan tebur ya sauke masa sifanar kwance noti da ya zaro daga aljihu. Ina jin yatsuna suna ƙaras-ƙaras, shi kuwa yana ihu: “Da wannan ka daki ƙanwata, ɗan iska?”

Magana ɗaya ce za ta cece ni: kwalliyar wasa ce. Amma a gidanku koyon ɗinki aka san kina zuwa, kin kuma ce ranar da suka ji gaskiya, ke da dandamali har abada. Ni ne zan raba tsuntsuwata da sararin sama? Sai na cije leɓe na bar shi ya gama.

Zuciyata tafasa take yi, masoyiyata, kamar in cinna wa duniya wuta! Naki ciwon sabulu ya wanke shi. Nawa kuwa, likita ya ce yatsan da nake danna kyamara da shi ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Duk da haka ina roƙonki, kada tausayina ya sa ki buɗe baki.

Yayanki ya rantse in ya sake ganina kusa da ke, ɗaya hannun zai karya. Gobe in kin sauko daga dandamali, ki leƙa bayan labule. Na aro kyamara, ina koyon dannawa da hagu.

Naki, ko da hannu ko babu,
Mai hotonki