Ƙunshin da Na Share

Auta,

Bayan sallama, da fatan kina lafiya. Ba don na huce na rubuto ba. Kwamfutar marigayi babanki ta ƙi tashi. Shekaranjiya na share tarkacen da kika tara a ciki, don ban iya zama da ƙazanta ba. Yau na kunna, ta cije a baƙin allo. Mai gyaran bakin titi ya ce sai dai a goge komai. Kin san muryar da babanki ya ɗauka mana a asibiti tana ciki, kuma babu ta a ko'ina. Rubuto abin da zan danna.

Sharaɗina yana nan. Ba za ki taka gidana ba sai kin ba ni haƙuri kan aikin da kika tafi ba da izinina ba, kuma haƙurin takarda ko na waya ba haƙuri ba ne.

Allah Ya shirye ki.
Mahaifiyarki

Mama,

Ina gaisuwa da ladabi. Don Allah kada mai gyaran nan ya taɓa ta! Muryar Baba ba ta ɓata ba.

Idan kwamfuta ta farka, zuciyar manhajarta ce ke fara tashi, amma ba ta iya karanta faifan ajiya sai da wani ɗan kayan aiki. Shi kuwa yana kulle cikin faifan. Shi ya sa ake ajiye mata ƙaramin ƙunshi a waje, ta kwance ta buɗe faifan da shi. Wannan ƙunshin kika share, Mama. Babu abin dannawa. Sai na zo da filas, ɗan abin ajiyar bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, na mayar da ƙunshin da hannuna.

Haƙuri kuwa yana bakina wata bakwai, ƙofar ce babu.

Ki huta lafiya.
Autarki

Auta,

Na ga takardarki. Wato laifina ne? Wanda ya ajiye abu mai daraja cikin shara shi ya jawo tsintsiya. Kwana uku ina kunna ta, tana komawa inda ta tsaya. Ni ba na janye magana, babanki ma ya sani.

Ban ce ki shigo gidana ba. Amma Asabar da hantsi zan fito da teburin baranda, kwamfutar na kai. Baranda waje ne.

Kujera biyu zan ajiye.

Allah Ya kawo ki lafiya.
Mamanki