Sunan Nafisa a Dutsen Arfa

Zuwa ga Inna, a Roni.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. A gaida Kawu Abu da mai ɗakina Dela. Wani ɗan Kazaure da ya zo Umra ne zai kawo miki wannan takarda.

Ni lafiya ƙalau, ina nan a aikin shara a Dutsen Arfa. Zafi ne dai sai a hankali. Wani abokin aikinmu ya faɗi watan jiya bai tashi ba, amma ina shan ruwa sosai, kada ki damu.

Dutsen ƙarami ne, Inna, namu na gida sun fi shi. An ce nan Annabi Adamu da Nana Hauwa'u suka haɗu bayan rabuwa, a nan kuma Manzon Allah ya yi huɗubar bankwana. Baƙi suna hawa suna kuka, suna rubuta sunayen 'yan'uwansu a jikin duwatsu. Malamai sun hana, don haka mu ake ba magani da buroshi mu kankare. Hannuwana duk sun tsattsage.

Kin aiko in rubuta sunan 'yata Nafisa ko Allah zai ba ta lafiya. Na rubuta da sassafe. Kafin azahar shugaban aikinmu ya nuna mini wurin, ni na goge da hannuna. Ban yi musu ba, fasfona yana wurinsa. Addu'a dai na yi mata, wannan ba mai gogewa.

Inna, kullum na kira waya sai a ce tana barci. Don girman Allah ki gaya mini gaskiya: sunan mai rai na rubuta?

Ɗanki,
Musaddiƙ