Taku Arba'in Daga Gindin Mangwaro

Lahadi, 7 ga Yuli

Jikata Ihsan ta zaunar da ni kallon shirinta na talabijin bayan la'asar. Wasu halittu ne daga wata duniyar, ba ido ba baki, yatsu zaƙo-zaƙo. Da sun dafa goshin mutum shi ke nan, ko uwarsa ba zai gane ba. Na raɗa musu Su Shafau. Na ce ƙaryar Turawa ce. Ta ce, "To me ya sa ka ja hula har gira, tsoho?" Ja'ira.

Talata, 9 ga Yuli

Baƙo daga Ƙaura Namoda, sunansa Ya'u. Kabarin ubansa yake nema, Arzika mahauci, da muka binne nan Inugu shekara talatin da ɗaya. Mutanen Kasuwar Artisan suka turo shi wurina, don ni kaɗai na san makwancin kowa. Asabar zai koma.

Laraba, 10 ga Yuli

Daga gindin mangwaron maƙabarta taku arba'in ne gabas. Da hannuna na kafa guntun rodi a wurin. Na taka arba'in, ciyawa kawai. Sau uku. Ya'u ya ce, "Ba komai Baba, addu'a tana isa daga ko'ina." Da ma zagina ya yi.

A keke na tsinci hannuna a goshina.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ban fita ba. Ɗana Imrana ya sake tada maganar a rubuta kaburburan da boko, tunda ajamina ba mai karanta shi. Na ce ai ban mutu ba tukuna. Na jera su a zuci: Idrisu mai albasa, Isah Dogo, Usaini direba. Duk suna nan. To me aka shafe?

Juma'a, 12 ga Yuli

Bayan masallaci muka koma mu uku. Gwiwa ta ƙi, na zauna gindin mangwaro na ce Imrana ya taka mini. Ya wuce inda na tsaya shekaranjiya da nisa, na buɗe baki zan tsawata. A na arba'in ya durƙusa, ya yaye ciyawa. Rodi.

Ya'u ya daɗe a tsugune, kafaɗunsa na rawa. Imrana ya dawo yana dariya: "Baba, kanka lafiya lau. Takunka ne ya tsufa."

Ranar da na auna wurin, ban fi shekarunsa ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na kalli Su Shafau hula a ƙeya. Munana dai, amma sun rage tsawo.

Imrana ya aro tef ɗin awo wurin magina. Gobe za mu fara auna kaburburan tare, ba don komai ba, don kada ya lalata mini lissafi. Ihsan ce za ta riƙa rubutawa in mun dawo. Wai Su Shafau ba su iya karatu ba: "Dem no sabi read, tsoho, littafi ya fi ƙarfinsu."

Ta ce da wa za a fara? Na ce rubuta Hajo, kakarki. Taku tara.