Sunan da ke Saman Shafi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara? Ya idon Umma? Ki ce ta daina kokawa da zare da allura, ba gasa ake ba.

Albishirinki! Manaja ya ce ƙarshen wata za a tabbatar da mutum ɗaya a aiki, ko ni ko abokin zamana a teburin amsa waya. Wanda aka tabbatar ana ba shi katin asibiti har da na mahaifiyarsa. Kin ga aikin idon Umma ya zo gidan sauƙi.

Kamfani ya kawo wani abu wai shi wiki. Ki ɗauke shi kamar allon bango a cikin kwamfuta: kowa na iya rubutu, kowa na iya gyara na wani. Manaja ya ce duk abin da muka sani kan firjin da muke gyara wa mutane mu zuba a ciki, kada ilimi ya bi mutum gida. Wanda ya fi zubawa shi ke da aiki. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ke da kike ce min aku, yau surutuna zai yi rana. Har na rubuta abin da za a gaya wa mai shago in firjinsa na gurnani ba sanyi, da yadda ake lallashin wanda namansa ya lalace yana zagi.

A gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Yaya,

Ina fatan kun tashi lafiya, Umma kuma da sauƙi. Saƙonki ya iso. Wai Umma ta ce in ta warke, sunana a shafin nan take so ta fara gani. Na yi dariya, yanzu kuwa dariyar ta ƙare.

Ashe wikin nan sunan wanda ya taɓa shafi a ƙarshe yake ɗorawa a sama. Abokin zaman nawa, wanda ni na koya masa riƙe waya, mai ce min Anti kamar bakinsa zai ɗigo da zuma, shi ya fara gane haka. Sai na gama rubutu na tafi cin abinci, ya buɗe, ya ja shuɗin layi a ƙarƙashin kan magana, ya adana. Shi ke nan, sunana ya nutse, nasa ya hau. Ko kalma ɗaya bai ƙara ba, Yaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu gyaran firji har sun sa masa suna Jan Layi, saboda layin nan da yake ja, amma a bayan idonsa suke faɗa, ba mai son rigima.

Na tare shi a bakin tankin ruwa. Ya dafe ƙirji, wai ado kawai yake wa aikina don ya fito da kyau. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gobe zan ga Manaja, tunda na'urar na ajiye tarihin kowane shafi.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Umma? Ki karanta wannan ke kaɗai.

Na shiga wurin Manaja, na roƙe shi ya danna tarihin ko da shafi ɗaya ne. Bai danna ba. Ya ce ya yarda ni na rubuta, amma ba wannan ce maganar ba. Kalmominsa ke nan: “Amfanin wiki shi ne ba na kowa ba ne. Mai cewa nawa, nawa, ba ta fahimci aikin haɗaka ba.” Wai shi Jan Layi hannunsa na kan kowane shafi, bai taɓa kawo ƙarar kowa ba, irinsa kamfani ke nema.

Shi aka tabbatar. Ni kuwa an gode min, an sallame ni. Waya ma ta rage aiki, tunda duk abin da ke kaina yana cikin allo, kowa na iya karantawa.

Kafin in tafi aka ce in rubuta shafin miƙa aiki. Na so in ƙi, sai na tuna masu shagunan da ba ruwansu, na zauna na rubuta shi tsaf. Da safe na koma mayar da makullin durowa, na leƙa kwamfutar. Shuɗin layi na nan a ƙarƙashin bankwanata, sunansa a sama. Ya rako ni har ƙofa yana cewa, “Anti, a gaida Umma da jiki.”

Wallahi ban yafe ba, Yaya, kada ma ki fara min wa'azi. Ki koma asibitin gwamnati ki karɓo mana lambar layi, mu bi sahu kamar kowa. Kada ki gaya wa Umma tukuna. In ta sake tambayar shafin, ki ce ta kwantar da hankalinta, ba abin da ya wuce ta. Ko yau idon ya buɗe, sunana ba ya wurin.

Sai na zo.
Ƙanwarki, Auta