Yau Baba Ya Kasa Ɗana Bakansa

Daren Asabar, Wudil.

Na dawo daga Lajawa a gajiye, amma barci ya ƙi zuwa.

Da hantsi Baba ya sauko da bakansa, wai birai sun addabi gonarsa. Ya shafa wa icen man shanu, ya bar shi ya sha rana don kada ya tsage. Sannan ya tokare ƙasan bakan da ƙafa, ya danna gwiwa a tsakiya, ya ja. Bakan ko gezau. Ya sake gwadawa, abin ya faskara. Mutumin da a da yake ɗana shi yana hira!

Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Ungo, Sani. Lallaɓa shi. Kuma ka kau da fuskarka, in tsirkiya ta kuɓuce ido take nema."

Na kau da fuska, na tanƙwara bakan, tsirkiyar ta zauna. Wallahi ban sha wuya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Da zan taho na sassauta tsirkiyar, zan rataye bakan a ƙusarsa, sai ya ce, "A'a, tafi da shi."

Ga shi nan jingine da bango. Biran kuwa, Baba bai ƙara zancensu ba.